BASHIN WUTA: NA GIDA NE, KO NA WANDA YA SHA?

Kowace shekara, idan takardun canjin wurin aiki suka fito, akawuna da malaman makaranta su kan ɗaure kayansu su nufi inda aka tura su. Wanda aka kawo birnin Sakkwato daga Gwadabawa ko Tambuwal, ko wanda ya samu aiki nan daga Katsina, ya kan zauna ya yi lissafi tsaf: kuɗin mota, kuɗin hayar shekara, la'adar dillali, makarantar yara. Akwai abu guda da ba safai ya ke shiga lissafin nan ba, shi ne ɗan akwatin da ke manne a bangon zaure ko jikin falwaya, watau mita. Mutum ya duba rufin ɗaki ko yana yoyo, ya duba famfo, ya tambayi halin maƙwabta, amma ya wuce mita bai ko ɗaga kai ba. Sai bayan wata guda ko biyu takardar kuɗin wuta ta iso, ya ga adadin da ya fi albashinsa, sa'an nan ya fara neman wanda ya tashi daga gidan, alhali shi kuwa ya yi nisa.

Mun ga ya kamata mu yi magana a kan wannan al'amari, domin kukan da mu ke ji daga malamai ya yawaita, kuma galibinsu ba su san cewa akwai doka a gefensu ba.

Mu fara da wanda ke da wutar. Kafin shekarar 1950 babu hukuma guda mai riƙe da lantarkin Nijeriya. Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati tana da nata injuna, waɗansu En'e-En'e kamar ta Kano da ta Katsina suna da nasu, a Jos kuma akwai kamfanin da ke ba masu haƙar kuza wuta daga ruwan Kurra. A 1950 aka kafa hukumar ECN ta tattara yawancinsu. Aka gama madatsar Kainji a 1968, a 1972 aka haɗa ECN da hukumar madatsun ruwan Kwara aka sami NEPA, wadda sunanta ya zauna a bakin jama'a har yau, ko da ya ke ita kanta ta daɗe da shuɗewa. Dokar 2005 ta rushe ta, ta kafa hukumar NERC don sa ido a kan harkar, daga ran 1 ga Nuwamba 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 na 'yan kasuwa. Sakkwato da Kabi da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin Kaduna. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun kamfanin Kano.

Wannan rabo shi ne tushen abin da mu ke so mai karatu ya gane. A Ingila, tun wajen 1999, magidanci yana da ikon barin kamfanin wuta ya koma wani, kamar yadda mace ke canza mai sayar mata da gero idan mudunsa bai cika ba. A nan ba haka ba ne. Inda gidanka ya ke shi ke zaɓa maka kamfani. Saboda haka malamin da ya taso daga Funtuwa zuwa Sakkwato ya canza kamfani ke nan, ko ya sani ko bai sani ba. Littafinsa na can yana buɗe sai ya rufe shi, littafin da ya tarar a nan kuwa ba nasa ba ne sai ya mai da shi nasa. Tsakanin rufe wancan da buɗe wannan duk rigimar ta ke.

Yadda mita ke awo

Mita ba ta san mutum ba. Ba ta san ranar da wani ya fita wani ya shigo ba, ita dai ƙirga ta ke yi. Abin da ta ke ƙirgawa shi a ke kira yunit, watau ƙarfin wat dubu har tsawon awa guda. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya yana aiki ya ci yunit ɗaya. Fanka mai wat 75, idan tana juyawa awa goma kullum, a wata ta ci yunit 22 da rabi. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,200 kuwa, awa takwas kullum, a wata ta ci yunit 288. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura ma'auni 40 daga Maris zuwa Mayu, ya san babu mai kashe fanka don tausayin aljihu. Wannan ya sa bashin da a ke bari a gida cikin bazara ya fi na kowane lokaci nauyi.

Tsohuwar mita, wadda a ke sha kafin a biya, lambobinta ci gaba su ke yi ba su komawa baya. Ma'aikacin kamfani ya zo ya karanta, a ɗebe lambar da aka karanta a baya daga ta yanzu, abin da ya rage shi ne abin da aka sha. Lissafi ne da ɗan aji huɗu zai yi a kan allo. Wahalar ita ce ranar karatun mita da ranar tashin ɗan haya ba su cika haɗuwa ba.

Bari mu kafa misali da ƙirƙirarrun lambobi don a ga yadda abin ke faruwa. A ce an karanta mitar wani gida a Mabera ƙarshen Fabrairu, tana kan 14,200. Mai karatu bai sake samun shiga ba, ko gida a kulle, ko bai zo ba. Wanda ke ciki ya tashi ƙarshen Afrilu, mita tana kan 14,650, ba wanda ya rubuta. Malam ya tare farkon Mayu. Ƙarshen Mayu aka karanta, aka sami 14,800. Takarda za ta zo da yunit 600, alhali abin da malam ya sha 150 ne kawai. In gidan yana kan layin da a ke kira rukunin A, aka yi lissafi da farashin da NERC ta sa a Afrilu 2024, naira 225 kowane yunit, to takardar za ta ce naira 135,000. Hakkin malam a ciki naira 33,750 ne. Ragowar naira 101,250 wutar da wani ya sha ce, ta kuwa zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024. Ga shi babu wanda ya yi ƙarya a cikin lissafin. Mita ta faɗi gaskiya, akawun kamfani ya ɗebe daidai. Abin da ya ɓace lamba guda ce, 14,650, wadda da an rubuta ta a ranar da ta dace da babu gardama.

Har wa yau akwai kwanakin da gida ke zama ba kowa. Mai gida ya kawo mai fenti, ya kawo mai walda ya gyara ƙofa, ya tayar da injin ruwa ya cika tanki, wani lokaci maƙwabci ya ja waya ta kan katanga da sunan kwana biyu. Duk wannan mita tana ƙirgawa. Saboda haka lamba biyu a ke bukata: ta ranar da wancan ya fita, da ta ranar da wannan ya shiga. Abin da ke tsakaninsu na mai gida ne.

Waɗansu za su ce ai yanzu mita mai kati ta raba gardama, tun da sai ka biya ka ke sha. Ta rage, amma ba ta raba ba. Sau da yawa idan aka sa mita mai kati a gidan da ke da tsohon bashi, a kan ɗora bashin a kan lambar sabuwar mitar, sa'an nan duk sa'ad da aka sayi wuta a yanki wani kaso. Sabon ɗan haya ya ba da naira dubu biyar, ya ga yunit ɗin da ya samu bai kai na abokin aikinsa ba, ya ɗauka farashi ne ya tashi. Ya kan yi watanni yana biyan bashin mutumin da bai taɓa gani ba, kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara ke cin azara. Duba rasit shi ne maganin wannan, gama a nan a ke rubuta abin da aka yanka. Abu na biyu, lambobin nan guda 20 da a ke sayowa an ɗaure su ne da mita guda, ba su shiga wata. Wanda ya loda wutar wata uku a Katsina sa'an nan takardar canji ta same shi, ba zai ƙulle ta a jaka ya kawo Arkilla ba. Mitar ma ba a cire ta a tafi da ita ba tare da izinin kamfani ba, ko da kuwa mutum shi ya biya kuɗinta. Abin da ya fi sai ya daidaita da mai gida ko mai shigowa, a biya shi abin da ya bari. Abu na uku ya fi duka muni: idan wanda ya tashi ya yi wa mita zagaye da waya don ya sha wuta ba awo, ranar da masu bincike suka zo wanda suka tarar a gidan shi za su kama. Wanda ya ga an taɓa hatimin mita, ko ya ga wayar da bai gane kanta ba, ya kai rahoto a rubuce tun kafin ya kwana a gidan.

Gidan da ba mita

Duk wannan magana ta waɗanda ke da mita ce. A ƙididdigar NERC ta shekarar 2024, fiye da rabin masu rajistar wuta a Nijeriya ba su da ita, duk da shirin da aka fito da shi a 2018 na barin mutum ya sayi mita ta hannun 'yan kwangila, da na raba mita kyauta da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2020. Su waɗannan da ƙiyasi a ke rubuta musu takarda. Ƙiyasi kuwa bai san gida ya yi wata huɗu a kulle ba. In wanda ya tashi bai sanar ba, takarda za ta yi ta fitowa kowane wata tana hawa kan 'yar'uwarta, har ranar da baƙo ya zo ya buɗe ƙofa.

A Fabrairu 2020 NERC ta yi umurni da a sa wa ƙiyasi iyaka, ta yadda abin da za a rubuta wa marar mita kada ya wuce abin da maƙwabtansa masu mita ke sha a kimance. Ba a bi umurnin yadda ya kamata ba. A Fabrairu 2024 hukumar ta bayyana cewa kamfanonin 11 sun ƙetare iyakar tsakanin Janairu da Satumba 2023, ta ci su tarar da ta haura naira biliyan 10, ta kuma ce a mayar wa jama'a abin da aka ɗora musu. Mun kawo wannan ne don akawun da ke jin kunyar musanta takarda mai tambarin kamfani ya san cewa hukumar da ke bisa kamfanin ita kanta ta musanta irinta.

To, me doka ta ce game da bashin da aka tarar? NERC ta sha bayyanawa, yana kuma cikin ƙa'idodinta na kare masu shan wuta, cewa bashin wanda ya tashi ba ya hawa kan wanda ya shigo. Kamfani ya bi wanda ya sha. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a ƙasar Shehu. Kowane almajirin da ya karanta babin ciniki ya san bashi a wuyan mutum ya ke, ba a jikin bango ba, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A zamanin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi, wanda cikin aikinsa har da duba mudu da sikeli a kasuwa. Mita mudu ce, ba wani abu ba. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai karɓi buhun gero a kasuwa ba sai ya soka hannu ya gani, shi ne zai karɓi mabuɗin gida da mudun wuta a ciki bai leƙa ba.

Amma fa kada mu ɗora laifin duka a gefe guda. Kamfani ba ya sanin gaibu. Sunan da ke littafinsa sau da yawa na mai gida ne, ko na mahaifin mai gida da ya rasu shekara ashirin, 'yan haya goma sun shiga sun fita a ƙarƙashin sunan nan guda. Idan ma'aikaci ya zo da tsani, abin da ya ke gani lambar gida da adadin bashi. Ba shi da hanyar rarrabe baƙon jiya da wanda ya shekara biyar yana sha yana ɓuya. Mu kuma, mu faɗi gaskiya, a cikinmu ma'aikata akwai masu ɗaukar takardar canji tamkar takardar yafe bashi. Su kwashe kaya da asuba su bar wa na baya. Wanda ya yi haka a Gusau ba shi da bakin kuka idan ya tarar da irinsa a Runjin Sambo.

Abin da ya kamata a yi

Shawararmu ga mai shiga sabon gida ba ta da tsada, sai dai tana son a yi ta kafin kuɗi su bar hannu, gama da zarar an biya hayar shekara ƙarfin ɗan haya ya ƙare. Ya nemi mai gida ko dillali ya nuna masa takardar wuta ta ƙarshe da rasit ɗinta. In mita mai kati ce, ya ɗauki lambarta ya je ofishin kamfani ya tambaya ko akwai bashi a kanta, ko ya sayi wuta kaɗan ya karanta rasit. In aka sami bashi, a zauna a yanke: ko mai gida ya biya, ko a cire daga kuɗin haya, a kuma rubuta a cikin yarjejeniya. Ranar karɓar mabuɗi ya tsaya gaban mita tare da mai gida da shaida guda, mai unguwa in ya samu, ya rubuta lambar mitar da abin da ta nuna da kwanan wata, kowa ya sa hannu. Ya ɗauki hoto da wayarsa yadda lambobin biyu za su fito sarai. Sa'an nan ya rubuta wa kamfani wasiƙa cewa shi wane ya shiga gida kaza ran kaza, mita tana kan kaza, ya haɗa da kwafen yarjejeniyar haya, ya kai da kansa, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafensa. Akawu ya fi kowa sanin darajar wannan hatimi. Wasiƙar da ba a buga wa hatimi ba, ranar gardama kamar ba a rubuta ta ba ne.

Ya kuma tambayi rukunin layin unguwar. Tun 2020 aka kasa layuka kashi biyar bisa awoyin da aka yi alkawarin ba su wuta kullum: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4, kowanne da farashinsa. Gida biyu masu haya ɗaya na iya bambanta ƙwarai a kuɗin wuta saboda wannan kawai.

In takardar da ba a yarda da ita ba ta riga ta zo, akwai matakai, kuma bin su a jere ya fi zagin ma'aikaci a gindin falwaya amfani. Da farko a kai ƙara a rubuce ga sashen karɓar koke na kamfanin, wanda ƙa'ida ta ba kwana 15 na aiki ya warware. In bai warware ba, ko mai ƙara bai gamsu ba, sai a ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na NERC, wanda ke da ofis a nan Sakkwato. Masu zama a zauren ba ma'aikatan kamfani ba ne, wakilan magidanta ne da na 'yan kasuwa da masu masana'antu da injiniya, ba a kuma bukatar lauya. Daga nan sai hukumar kanta a Abuja. Marar mita da ke musun ƙiyasi yana da hakkin ya ci gaba da biyan gwargwadon takardar ƙarshe da bai musa ba har a yanke hukunci, kuma lalle ya riƙa biyan wannan, kada ya ɗauke hannu gaba ɗaya ya ba da ƙofar yanke masa wuta. In kuwa zargin shi ne mitar kanta ba ta awo daidai, akwai hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015, wadda ke da wurin gwajin mita a Kaduna.

Akwai abu guda da mu ke ganin ya dace a yi koyi da Ingila a kansa. Can, tun 2018, hukumarsu ta hana kamfani ya bi magidanci kuɗin wutar da ta wuce wata 12 in laifin rashin rubuta takarda daidai na kamfanin ne. Wannan iyaka ta sa kamfani ya damu da karanta mita a kan kari, domin jinkiri asararsa ce. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu na kula da wuta, Inugu da Ondo da Ekiti suka fara karɓar nasu a 2024. Duk jihar Arewa da ta ɗauki wannan nauyi, muna roƙonta ta sa maganar ɗan haya a gaba: a buɗe wa kowane mai shiga gida littafi da sunansa, a rufe shi ranar da ya fita. Mu ma a ofisoshin ilmi da na ƙananan hukumomi akwai abin da ke hannunmu. Tun zamanin En'e ba a sallamar malami daga makaranta sai ya miƙa rajista da mabuɗin sito an ƙirga bencina. Ba mu ga abin da zai hana a ƙara layi guda a takardar miƙa aiki ba, musamman ga mazauna gidajen Gwamnati, inda za a rubuta lambar mita da abin da ta nuna, mai fita da mai shiga su sa hannu.

Mai tashi kuma kada ya ɗauka wannan magana ta mai shigowa ce kaɗai. In littafin da sunansa ya ke, ya tafi bai rufe ba, duk abin da na baya ya sha a kansa za a rubuta, wata rana ya nemi a ja masa wuta a gidan da ya gina bayan ya yi ritaya a ciro masa tsohon bashi. Ya rubuta wa kamfani kwanaki kafin ya tashi, ya nemi a zo a yi karatun ƙarshe a ba shi takardar ƙarshe, ya biya, ya ajiye rasit ɗin a cikin fayil ɗaya da takardar canjin aikinsa.